Ina Kafar Iyafis Ta Tafi? Tambayoyi da Amsoshi Ga Mai Sayen Waya a Legas

Duk mai shagon kayan waya a Agege ko a Computer Village da ke Ikeja ya saba ganin wannan: mutum ya ɓare sabuwar waya daga kwali, ya juya sama, ya juya ƙasa, yana neman ɗan ramin da ya saba cusa iyafis, bai gani ba. Tambayoyin nan su ne waɗanda 'yan'uwa suka fi kawo mini shago, daga 'yan gwarin Mile 12 da direbobin tirela na Apapa, har masu gadi na Ikoyi da matan aure na Idi-Araba. Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: toshe kafar nan ya fi amfanar kamfani a kan mai saye, kuma mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi ji a jikinsa. Inda sabon tsarin ya yi kyau kuma, zan faɗa.

Malam, wayar da na saya ba ta da wajen saka iyafis. Jabu aka sayar mini ke nan?

A'a, kwantar da hankalinka. Yawancin manyan wayoyin yanzu haka suke fitowa daga kamfani. Duk iPhone daga 7 zuwa sama, duk Samsung jerin S daga S20, da Google Pixel na yanzu, babu mai kafar iyafis. Hasali ma idan wani ya miƙo maka abin da ya kira iPhone 13 ka ga kafar iyafis a jikinta, to wannan ce jabun.

Wa ya fara wannan abu, kuma yaushe?

Mutane na ɗora wa Apple, kuma da gaskiyarsu, domin shi ya ja sauran. Amma ba shi ne na farko ba. Kamfanin Oppo na Sin ya fitar da R5 a 2014, siririyar waya da kaurinta bai kai milimita 5 ba, ba kafar iyafis. A 2016 LeEco da Motorola, da wayarsa Moto Z, sun riga Apple da 'yan watanni. Sai dai waɗannan ba su girgiza kasuwa ba.

Ranar 7 ga Satumba, 2016 aka ƙaddamar da iPhone 7. Wani babban jami'in kamfanin, Phil Schiller, ya tsaya gaban jama'a ya ce abin da ya sa suka cire kafar shi ne ƙarfin hali. A wannan zama dai aka nuna AirPods, iyafis ɗin Apple marar igiya, a kan dala 159.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni haushi. Google ya yi talla a 2016 yana alfahari cewa Pixel ɗinsa na da kafar, shekara na zagayowa ya cire ta a Pixel 2. OnePlus ya bi sahu a 2018 da 6T. Samsung ya daɗe yana zolayar Apple a tallace-tallacensa, sai ga Galaxy Note 10 a Agusta 2019 babu kafa, aka kuma sauke waɗancan tallace-tallacen daga shafukansa. Daga baya abin ya sauko kan wayoyi masu matsakaicin kuɗi: Galaxy A52 na da ita, A53 da ta fito a 2022 ba ta da ita.

Kafar da aka kora kuwa tsohuwar ma'aikaciya ce. Asalinta babban filogi ne mai milimita 6.35 da masu haɗa layin tarho ke amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1870, irinsa ne har yau ake gani a jikin amfilifaya. Ƙaramarta mai milimita 3.5 ta game duniya bayan Sony ya fitar da Walkman a 1979. Babu kamfanin da ya mallake ta, shi ya sa iyafis ɗin itel ke shiga Samsung, na Samsung ya shiga rediyon Baba.

Wane dalili kamfanonin suka bayar? Kuma gaskiya suka faɗa?

Dalilai uku ake ta maimaitawa: samun wuri a cikin waya, jure ruwa da siranta, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Na wuri shi ne mai ƙamshin gaskiya. Wanda ya taɓa buɗe waya ya san ramin da kake gani a waje ɗan kaɗan ne daga abin. A ciki akwai wani gida mai tsawo da filogin ke kwanciya. Cikin waya kuwa kowane lungu ana rububinsa: batir, kyamarori uku ko huɗu, eriya, ɗan injin da ke sa waya rawa idan an kira. To amma nawa aka samu? Samsung da kansa ya ce cire kafar a Note 10 ya ba shi damar ƙara wa batir kusan mAh 100. Batirin wannan waya mAh 3,500 ne. Ƙarin bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, 'yan mintuna ne a yini.

Na ruwa ba ya tsayawa da ƙafarsa. An ce toshe ramin ya sa waya ta fi jure ruwa, kuma mu da ke garin da damina ke mayar da titi kogi muna son jin haka. Sai dai iPhone 7 matakin IP67 gare ta, wato zurfin mita 1 na minti 30. Galaxy S7 da ta fito watanni shida kafin ita, da kafar iyafis ɗinta a buɗe, matakin IP68 ta samu, mita 1.5 na minti 30. Ashe ana iya toshe hanyar ruwa ta ciki a bar ramin, kuɗi ne kawai zai ɗan ƙaru wajen ƙira.

Na siranta ma haka. Kaurin iPhone 6 mai kafa milimita 6.9 ne, na iPhone 7 marar kafa 7.1.

Dalili na huɗu ba a faɗarsa a dandali. Apple ya sayi kamfanin hedifon na Beats a 2014 kan dala biliyan 3. Samsung na da Galaxy Buds, Google na da Pixel Buds, kusan duk wanda ya cire kafar yana da nasa iyafis marar igiya na sayarwa. Da farko Apple na saka adafta kyauta a kwali, a 2018 ya daina, sai ka saya daban. Kamar mutum ne ya rufe rijiyar gida, sannan ya kafa teburin fiya wata a ƙofa. Ban ce injiniyoyinsu ba su amfana da ɗan wurin ba. Na ce wanda ya biya kuɗin wannan sauyi shi ne mai saye.

Ni rediyo nake ji a wurin gadi. Me ya sa sabuwar wayata ba ta kama tasha?

Wannan ce asarar da ta fi damuna, kuma masu rubutu a kan waya daga Turai da Amurka ba su cika kula da ita ba, don ba rayuwarsu ba ce.

Igiyar iyafis ba sauti kaɗai take kaiwa kunne ba, ita ce eriyar rediyon FM. Tashoshin FM na tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108, kuma zangonsu dogo ne, kusan mita 3. Eriyar da za ta kama shi da kyau tana son tsawon da ya kai kamu ɗaya da rabi ko fiye, abin da ba zai shiga cikin waya ba. Igiyar iyafis, da tsawonta ya ɗara mita ɗaya, ta dace da aikin. Shi ya sa tsohuwar wayarka ke cewa sai ka saka iyafis kafin rediyo ya buɗe, ko da ta sifika za ka saurara. Da aka cire kafar, kamfanoni da yawa sai suka haɗa da rediyon suka cire. iPhone dama ba ta taɓa ba da rediyon FM ba.

Sai a ce maka ai akwai rediyo ta intanet. Akwai, amma da kuɗi. Tasha mai matsakaicin sauti kan ci kusan megabait 30 a awa. Mai gadin da ke sauraro awa 5 kowane dare zai ƙone fiye da gigabait 4 a wata, a kan abin da jiya kyauta yake samu. Ga shi tun Janairu 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Direban da ke murɗa Lagos Traffic Radio a 96.1 don ya san halin gadar Third Mainland kafin ya hau, da dattijon da ke jiran shirin Hausa a Bond FM 92.9, ba su buƙatar data ko sabis mai ƙarfi. FM ba ya cin batir kamar intanet, kuma ranar da sabis ya ɗauke yana nan yana magana.

Idan rediyo na cikin rayuwarka, shawarata ɗaya ce: ko dai ka sayi waya mai kafa ka gwada rediyonta a gaban mai shago, ko ka riƙe ƙaramar waya mai madannai a gefe. Da yawa daga ƙananan itel da Tecno suna kama FM ba tare da iyafis ba ma, batirinsu kuma na kwanaki.

Na sayi adafta a gosulo, na saka, waya ta ce ba ta san ta ba. Laifin wa?

Mai yiwuwa ba lalatacciya ba ce, ba irin ta wayarka ba ce.

Karatu ko waƙar da ke cikin waya lambobi ne. Kafin kunne ya ji, dole wani ɗan guntun na'ura da ake kira DAC ya mayar da lambobin zuwa siginar da ke motsa sifikar iyafis. A wayoyi masu kafa, wannan na'ura na ciki, a bayan ramin. A marasa kafa, tsari biyu ne. Wasu suna barin ta a ciki su turo sautin ta bakin caji, to waɗannan kowace adafta mai arha na yi musu, tunda igiya ce zalla. Wasu kuwa, kamar manyan Samsung da Pixel da iPhone, lambobi kawai suke turowa, sai adaftar da ke ɗauke da nata DAC a cikin ɗan kanta. A ido duk iri ɗaya ne. Yaron da ke bin motoci a Oshodi bai san wacce ke hannunsa ba, kai ma ba ka da lokacin gwaji kafin danfo ta motsa. Araha ba ta ado.

Ka je shago da wayarka da iyafis ɗinka. Ka ce mai DAC kake so. Ka gwada abu uku kafin ka biya: sauti a kunne biyu, makirfo ta hanyar kiran wani, da maɓallin ƙara murya. Masu iPhone su lura: daga 7 zuwa 14 bakin Lightning ne, daga 15 da ta fito a 2023 an koma USB-C, adaftar ɗaya ba ta shiga ɗaya.

Zan iya caji ina sauraro a lokaci guda?

Sai da adafta mai baki biyu, kuma masu arha daga cikinsu kan kawo ƙugi a kunne ko su rage saurin caji. A garin da idan aka kawo wuta kowa ke rige-rigen soket, wannan ba ƙaramin takura ba ne.

Akwai abin da ya fi wannan. Da, ramuka biyu ke raba wahala. Yanzu bakin caji kaɗai ke ɗaukar caja, fawa banki da iyafis. An ƙera USB-C ya jure sakawa da cirewa sau 10,000, amma wannan lissafin ɗakin gwaji ne. Bai san adafta a cikin aljihun wanda aka matse a BRT ba, tana lanƙwasa hagu da dama, ga gumi, ga ƙura, ga iskar teku mai sa ƙarfe tsatsa. Idan kafar iyafis ta lalace, sauraro kawai ka rasa. Idan bakin caji ya lalace, wayar ce gaba ɗaya ta tsaya.

Wanne ya fi daɗin sauti, mai igiya ko bulutut?

A kuɗi ɗaya, mai igiya. Kuɗin da ka biya a iyafis mai igiya kusan duka ya tafi kan sifika. A na bulutut an raba shi: batir uku, ɗaya a kowane kunne da ɗaya a akwati, ga na'urar karɓar sigina, ga makirfo, abin da ya rage shi ne na sifika. Sannan bulutut na matse sauti kafin ya aika, yana zubar da wani abu daga ciki. Gaskiya kuma ita ce, a hayaniyar Mile 12 ko a cikin danfo, kunne kaɗan ne zai bambance.

Inda kowa zai gane bambanci wuri biyu ne. Bulutut na da ɗan jinkiri, sau da yawa wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, masu buga gem da masu haɗa bidiyo sun san shi. Na biyu, da zarar makirfonsa ya buɗe don kira ko saƙon murya, ingancin sautin kan faɗi. Ga mutanenmu da rabin cinikinsu da Kano da Sakkwato ta saƙon murya na WhatsApp ake yi, makirfon da ke rataye kusa da baki ya fi wanda ke can a kunne yana kwasar hon ɗin motoci.

An ce iyafod, wato iyafis na bulutut, na dafa ƙwaƙwalwa. Haka ne?

Babu hujjar da ta tabbatar da haka. Siginar bulutut ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba ce, kuma ƙarfinta ya yi ƙasa ƙwarai da na wayar da kake karawa a kunne kullum.

Haɗarin gaske shi ne ƙarar murya, kuma wannan bai bar mai igiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma sa iyaka ga babba: desibel 80, awa 40 a mako. Legas gari ne mai ƙara, janareta a hagu, lasifika a dama, sai mutum ya ƙure murya don ya danne su. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Idan na kusa da kai na jin abin da kake saurare, ya yi yawa. Ina kuma roƙon 'yan'uwa masu acaɓa da Keke da masu tura baro: kada a toshe kunne biyu a kan titi.

Iyafod ɗina bai fi shekara biyu ba, yanzu minti kaɗan yake yi ya mutu. Ana gyarawa?

Da wuya. Batirin ciki ɗan mitsitsi ne, kowane caji na rage masa ƙarfi, zafi kuma na gaggauta mutuwarsa, mu kuwa zafi ba ma neman sa. An manne jikin da gam, ba a yi shi don a buɗe ba. Kamfanin iFixit, da ke auna sauƙin gyaran na'urori, ya ba AirPods na farko sifili cikin 10. Yaran Computer Village akwai hannu, wasu kan yanka su canza batir, amma a masu arha kuɗin aikin ya kusa na sabo.

Iyafis mai igiya idan ya tsinke ana ɗaurawa da dalma, kuma ba ya tsufa don an ajiye shi. Na bulutut ranar da aka ƙera shi kwanansa ya fara ƙirguwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, abin da aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Namu kason yana ƙarewa a juji irin na Olusosun da ke Ojota, inda 'yan'uwanmu masu bola jari ke tonawa da hannu. Batirin litiyam idan ya huje ko ya shiga wuta yana fashewa. Kada a jefa shi murhu, kada a bar wa yara su yi wasa da shi.

Muna haɗa waya da amfilifayar Islamiyya don sa karatu. Yaya za mu yi da sabuwar wayar Malam?

Adafta mai DAC za ta yi, ku cusa igiyar amfilifayar a jikinta kamar da. Ko ku sayi ƙaramin akwatin karɓar bulutut a Alaba, ku bar shi a jikin amfilifayar. Idan kun zaɓi na biyun, ku kashe shi bayan an tashi, don wayar wani da ta taɓa haɗuwa da shi na iya kamawa da kanta, a ji abin da bai kamata ba ta lasifikar makaranta. Haka masu ɗaukar tafsiri da makirfon maƙalawa a riga: ku gwada shi da adaftar tun kafin azumi, wasu adaftocin na fitar da sauti amma ba sa shigar da shi.

To ashe bulutut ba shi da wani alheri?

Yana da shi, kuma ina sayar da shi da zuciya ɗaya. Mahauci a Oko-Oba da hannunsa ke cikin jini yana amsa kira ba tare da ya taɓa waya ba. Mai ɗaukar kaya ba igiyar da za ta sarƙe da buhu. Hajiya na sa shi ƙarƙashin hijabi tana girki tana magana da gida. Wayar kuma na zamanta can cikin aljihu, ba igiyar da ke nuna wa ɓarawo inda take, wanda a wasu tashoshin Legas ba ƙaramin abu ba ne. Oraimo da ire-irensa sun sauko da kuɗinsa har talaka na iya saye.

Sai dai wayar da ke da kafa ita ma tana da bulutut. Ba a taɓa cewa sai an rasa ɗaya za a sami ɗaya ba. Mai kafa na da zaɓi biyu: ranar da iyafod ba caji, ko guda ya faɗa kwata wajen alwala, sai ya zaro mai igiya. Marar kafa an zaɓa masa.

Mai gyara zai iya huda mini ramin?

Kada ka yarda. A 2016 wani bidiyon wasa ya yaɗu yana nuna wai kafar na ɓoye a cikin iPhone 7, a sa na'urar huji kawai. Babu komai a wurin sai kayan aikin waya, huji kuma kashe ta zai yi. Wani injiniya ɗan Amurka ya yi nasarar dasa kafar a iPhone 7 a birnin Shenzhen a 2017, amma sai da ya shafe watanni, ya ƙera nasa allon lantarki, ya lalata sassa masu yawa.

Waɗanne wayoyi ne har yanzu ke da ita, kuma me zan duba kafin in biya?

Alhamdu lillahi, kasuwarmu ba ta rasa ba. Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na Shenzhen, sun gina kasuwarsu a Afirka, kuma yawancin ƙananan wayoyinsu irin su Spark, Pop, Hot da Smart suna zuwa da kafa da rediyo. Ƙananan Redmi da ƙananan Samsung jerin A ma ana samu. A manya, Sony ya cire ta sannan ya dawo da ita a Xperia 1 II a 2020, sai dai wayoyinsa ba su da yawa a nan. A 'yan tokumbo, Galaxy S10 ce ta ƙarshe mai kafa a jerin S, Pixel 5a kuma a na Google, amma waɗannan sun tsufa, batirinsu ya sha aiki, kamfanoninsu kuma sun daina aiko musu da sabuntawar tsaro.

Kada ka dogara da sunan jeri, domin ta bana na iya rasa abin da ta bara ke da shi. Ka tafi kasuwa da iyafis ɗinka a aljihu. Ka cusa shi, ka juya filogin a hankali kana sauraro. Idan sauti na yankewa ko yana ƙarƙara, kafar ta gaji ko datti ya cika ta. Ka buɗe rediyo ka kama tasha biyu. Ka yi saƙon murya ka saurara. Idan ta hannu ce, ka haska ramin da fitila, kore ko fari-fari a ciki alamar ruwa ya taɓa shiga ne, a rage maka kuɗi ko ka duba wata. Idan kuma marar kafa ce ta kwanta maka, ka haɗa kuɗin adafta ko iyafod a cikin cinikin tun kafin ku yi sallama, a rubuta maka su a rasit ɗaya da wayar.